Kabarin da Na Haƙa a Kwarin Kogi

Na binne mutum a hamadar Amurka ban gaya wa hukuma ba. Washegari suka zo suka tone shi.

Mutumin abokina ne. Ya girme ni, amma ba sosai ba. Bafulatani ne daga bakin kogin Komadugu, ni kuma Babarbare ne daga bakin ruwan nan, ko da yake a Damagaram na tashi. A gida ba mu san juna ba. A unguwar Harlem muka haɗu, a bakin titi. Shi yana da tebur na turare da man shafawa da huluna, ni ina yawo da jakar tabarau. Ranar da ya ji inda na fito ya ce, "Ashe Allah ya aiko mini bawana har New York." Na ce masa Bafulatani ba shi da bawa, shi ne ma bawan saniya. Tun daga ranar bai ƙara kirana da sunana ba. Ni kuma Tsoho nake ce masa, sai idan ya ba ni haushi in ce Ɗan Fillo.

Kafin Amurka na yi karen mota a hanyar Agadas zuwa Libiya. A can na koyi binne mutum. Idan wani ya cika a saman kaya, direba ya tsaya, a sauke shi. Idan ruwa ya yi ƙaranci a yi masa taimama. A haƙa, a yi salla, a rufe, a tashi mota. Ba takarda, ba tambaya. Wanda ya rufe ɗan'uwansa da wuri shi ne mutumin kirki. Abin da na sani game da mutuwa ke nan.

Motar da muka tafi da ita tawa ce. Irin mai ɗaki a ciki ce, da gado da murhun gas da ɗan banɗaki, wadda mutanen nan ke kira RV. Su suna sayenta idan sun yi ritaya, su zaga ƙasarsu. Ni don kwana na saye ta. An sayar da gidan da muke haya a unguwar Tremont da ke Bronx, aka ce kowa ya fita. Wani bakanike a Bronx yana da ita a bayan garejinsa, ta tsufa, rufinta na yoyo, ya sayar mini da arha. Na faka ta kusa da rumbunan kaya inda manyan motoci ke kwana. Ranar sharar titi in matsar da ita, in dawo. Da sanyi kankara ce, da zafi tanda ce. Tsoho yakan zo ya leƙa ya ce, "Ku da kuke zaginmu ba mu da gari, ga ka da gida mai ƙafafu."

Tsoho yana cikin masu wankan gawa na masallacinmu. Duk ranar da suka je wanka, idan ya dawo ba ya cin abinci. Ba ya son magana a kai, amma ni yakan gaya mini. Ya ce gawar da ta daɗe a firij tana yin kamar itace, sai an yi ta zuba ruwan ɗumi kafin hannu ya lanƙwasu. Ya ce wasu ana kawo su da ɗinki tun daga ƙirji har mara, da zare mai kauri irin na bakin buhu. Akwai wani direban tasi da suka wanke, ya ce har kansa an buɗe an mayar. Ya ce, "Na wanke shi ina ba shi haƙuri."

Sai ciwo ya kama shi a hanta. Idonsa ya koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura, sauran jikin ya zube. Asibiti suka yi abin da za su yi, daga baya suka ce ya koma gida, za a riƙa turo mai duba shi. Matarsa ta riga ta rasu. Yana da 'ya ɗaya, a nan aka haife ta, tana zaune a unguwar Park Hill tana aiki. Tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Ta gyara masa ɗaki ta ce ya koma wurinta.

Maimakon haka sai ya zo wurina. Ya hau matakalar motar da ƙyar, ya zauna a bakin gado yana haki.

"Bawana, abin nan yana tafiya, ko akurki ne kawai?"

"Yana tafiya idan ya ga dama."

"Wurin nan da ka ba ni labari. Mai tattasai."

Na san inda yake nufi. Akwai lokacin da na yi wa wani ɗan Gana aikin kai motoci jihohi masu nisa. A wata tafiya muka ratsa New Mexico, na ga kwarin wani kogi a tsakiyar hamada. Gidajen ƙasa, gonakin rani, jan tattasai a rataye a bakin ƙofofi. Na tsaya a gefen hanya ina kallo har ɗan Ganan ya yi mini hon. Da na dawo na ce wa Tsoho na ga Komadugu a Amurka. Ya ce Barebari da ƙarya.

Yanzu ya ce, "Kai ni can."

"Idan ƙasa kake marmari ka koma gida mana."

"Gida wanne?"

Garinsu ya watse tuntuni. 'Yan bindiga sun kori kowa, ko maƙabarta ba mai zuwa.

Ya ce, "Abu biyu nake so. Kada a yanka ni. Kada in kwana a firij. Ranar da na tafi, ranar za ka rufe ni. Ai ka iya."

"Na iya."

"To ka ce ka ɗauki alkawari."

Na ce na ɗauka. Na tambaye shi 'yarsa fa. Ya ce ya gaya mata za mu je shan iska, mu dawo. Ya ce idan ta san sauran za ta hana, ita 'yar nan ce.

Da kaka muka tashi. Na cika tankin ruwa, na sayi garin gero da shinkafa da ganyen shayi da gawayi. Motar ba ta son gudu, injin yana zafi, don haka a layin manyan motoci muka yi tafiyar. Shi yana kwance a baya, ni ina tuƙi. Inda na gaji mu tsaya a wurin hutawar direbobi. Duk ƙasar da take kore bai ko ɗaga labule ba. Da itatuwa suka fara raguwa, ƙasa ta fara ja, sai ya ce in tsaya. Ya lallaɓo ya dawo kujerar gaba. Bai ƙara komawa baya ba sai lokacin barci.

Da muka isa kwarin, sansanin masu irin motarmu muka fara sauka, a bakin kogin. Ana biya, a ba ka fili mai lamba. A kowane fili akwai wurin jona wuta, da famfo, da ramin da ake sa tiyon banɗaki. Yawancin mutanen wurin tsofaffin Turawa ne. Motocinsu kamar bas, wasu har suna jan ƙaramar mota a baya. Sun shimfiɗa ciyawar roba a ƙofa, sun kafa kujeru da tuta, kowa da karensa. Tamu ce ƙarama, ita ce kuma mummuna. Suna ɗaga mana hannu, mu ɗaga musu.

Wadda ke kusa da mu wata tsohuwa ce, mijinta ya mutu, ta sayar da gida ta koma cikin ƙaramar mota ita da karenta. Rana ta ƙona mata hannuwa. Ita ta ga ina kokawa da tiyo ta zo ta nuna mini. Duk zaman da na yi cikin motar a Bronx ban taɓa jona ta da komai ba, da jarka nake ɗebo ruwa. Ta nuna mini yadda ake sa katako a ƙarƙashin taya don motar ta daidaita, kada mai barci ya gangaro. Ta kawo wa Tsoho romo. Ta dube shi da kyau ta ce akwai asibiti a garin da ke gaba. Ya yi mata murmushi ya ce da sauƙi. Shi ya sa mata suna Inna mai kare.

Tsoho bai so sansanin ba. Janareta na ƙara, fitilu ko'ina, karnuka na shinshina tabarmar salla. Ya ce, "Wannan ai Bronx ce aka zuba wa rairayi." Inna mai kare ce ta gaya mana akwai filin gwamnati can sama da kogin, ta hanyar burji, inda mutum zai zauna kyauta. Ba wuta, ba famfo, ba sabis na waya. Ta ce ita ma can take komawa idan wata ya yi nisa. Muka tafi. Ban faka a gindin kwari ba duk da inuwar da ke wurin. Wanda ya yi hamada ba ya kwana a hanyar ruwa. Na hau ɗan tudu, na juya ƙofar motar ta kalli kogin, na buɗe rumfar da ke jikinta. Ba a daɗe ba ita ma ta dawo wajen, ta faka can nesa inda muke hango rufin motarta.

Kogin ba babba ba ne. Ruwansa ja ne, wani wurin iyakarsa gwiwa. A bakinsa akwai manyan itatuwa da ganyensu ya koma rawaya, bayan su kuma sai ƙaya da duwatsu har inda ido ya tsaya. A tsallake akwai gonaki. Da safe muna ganin ma'aikata sun duƙa suna tsinkar tattasai. Tsuntsaye masu dogon wuya irin gauraka suna sauka a ruwan da yawa, suna kuka. Tsoho ya ce ba su da tukku, amma muryar ta gidansu ce.

Na sayo tattasai busasshe na rataye a rumfa. Ba ya iya ci, sai dai in ɓare ɗaya ya shinshina. Ya ce bai kai namu ba. Na ce wane naku, Fulani sun taɓa noma tattasai? Ya ce su suke ba gonar taki, Barebari su kwashe suna. Na dama masa fura da garin gero da yogot na kanti. Cokali kaɗan yake sha ya ture. Shayi ne kawai bai bari ba. Ina dafa shi a waje kan gawayi, shi yana kishingiɗe yana gyara mini, wai na cika wuta, wai ban iya kumfa ba.

Wata safiya shanu suka sauko shan ruwa, baƙaƙe, ba mai kiwo a bayansu. Ya ce in ɗaga shi zaune. Ya daɗe yana kallonsu.

"Ba ƙaho, ba tozo. Waɗannan ba shanu ba ne, buhunan nama ne."

"To ka je ka gaya musu."

Ya buɗe baki ya yi irin kiran da suke yi wa garke. Muryar ba ta fita sosai ba. Wata saniya ta ɗago kai ta dube mu.

"Ka gani? Ko a nan sun san ubangidansu."

"Ƙuda ne ya dame ta."

Ya yi dariya har ciwon ya murɗe shi.

Zaman daji a irin motar nan lissafi ne. Ruwa yana ƙarewa, gas yana ƙarewa, batir yana mutuwa, tankin banɗaki yana cika. Idan ɗaya ya zo wuya sai in naɗe rumfa, in ɗaure kaya, mu gangara gari. Duk ramin da taya ta faɗa ina jin nishinsa a baya. Da mun shiga sabis wayarsa ta fara kuka. 'Yarsa ce. Yakan yi mata magana kaɗan, ya ce iskar wurin tana yi masa daɗi. Wata rana ta ce a ba ni. Ta yi maganar da Turanci, sai kalma ɗaya. Ta ce mini "Baffa," sannan ta ce in dawo mata da shi, tana jin muryarsa ta canza. Na ce na ji. Shi yana kallona daga gado yana girgiza kai.

A wannan zuwan ne ya ce in shiga shagon kayan gini in sayi shebur da diga. Na saya.

Daga nan bai ƙara tashi ba. Ni nake ɗaga shi, ni nake wanke shi, ni nake canza shimfiɗa. Idan ka cire cikin, nauyinsa bai fi damin kara ba. Ƙafafunsa suka kumbura suna tsatstsafo da ruwa. Maganin da asibiti suka ba shi ya rage kaɗan, ina raba ƙwaya biyu. Da asuba sanyi yana shiga motar ta ko'ina, in rufa masa bargona a kan nasa. Wani lokaci ya yi ta magana da Fulatanci da mutanen da ba na gani. Idan hankalinsa ya dawo sai ya ce in fitar da shi rumfa.

Daga rumfar ya nuna mini wurin. Wani tudu ne sama da mu kaɗan, da wata ƙaya mai kama da bagaruwa.

"Can. Ruwa ba ya kaiwa can."

"Ba ya kaiwa."

"Likkafanin yana ƙasan jakata. Da kafur. Kada ka yi mini rowar ruwa, ba Libiya muke ba."

Da hantsi ya rasu. Na ba shi shayi a cokali, ya taɓa da leɓe ya ce, "Bawana, wannan ruwan zafi ne." Na juya in ƙara ganye. Da na waiwayo numfashinsa ya canza. Na juya shi gefen dama, na yi ta maimaita masa kalmar shahada. Leɓensa ya motsa. Sai ya tsaya.

Na rufe masa ido, na ɗaure haɓa. Na sauka bakin kogi na yanko kara na gwada tsawonsa. Na ɗora ruwa a murhu ya yi ɗumi. A ƙarƙashin rumfa na wanke shi, a kan tamfol, yadda shi da kansa ya sha gaya mini ana yi. Jikinsa da taushi, hannunsa yana bin nawa. Ban yi rowar ruwa ba, na kusa ƙarar da tankin. Na sa kafur, na naɗe shi, na ɗaure. Na ɗauki karan da shebur da diga na hau tudu.

A hanyar Libiya rairayi ne, kafin shayi ya nuna an gama kabari. Na ɗauka nan ma haka ne. Saman ƙasar ya ba ni hanya. Da na kai kamu ɗaya sai na tarar da wata farar ƙasa mai tauri kamar siminti. Diga tana sauka tana tsalle. Na yi ta sara, ina kwashe ɓarɓashi da hannu. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Na yage riga na naɗe. Azahar ta yi ina ciki, ta wuce ina ciki.

Ramin ya kai mini ƙugu lokacin da na ji haushin kare. Inna mai kare ce, da tukunya a hannu. Ta fara zuwa rumfa. Na ga ta tsaya a kan farin ƙyallen. Sannan ta ɗago ta hango ni. Ta tako har kusa, ba sosai ba. Da ɗan Turancina muka yi magana.

Ta ce, "Ina abokinka?"

Na nuna rumfa. "Ya mutu."

"Yaushe?"

"Da safe."

"Wa ka kira?"

"Wa zan kira? Ya riga ya mutu."

Ta dubi ramin. Ta dubi digar da ke hannuna, da jinin da ke jikin tsumman. Ta ajiye tukunyar a ƙasa a hankali. Ta ja karenta, ta yi ta tafiya da baya ba ta juya mini ƙeya ba. Can na ji ta tashi mota.

Na san inda za ta. Ban ji haushinta ba. Na duba rana na ga abin da ya rage mini, na koma sara.

Na gama uwar ramin, na haƙa 'yar a tsakiya daidai faɗinsa. Na saro rassa na yanka su daidai. Na ɗauko shi a kafaɗa na hau da shi. Na ajiye shi a gabana na yi masa salla, kabbara huɗu, ba kowa a bayana. Saukar da mutum kai kaɗai yana da wuya. Sai da na shiga ramin na jawo shi a ƙirjina, na durƙusa da shi. Na kwantar da shi a gefen dama, fuskarsa ga alƙibla. Na jera rassan, na rufa ciyawa, na ɗebo laka a kogi na toshe kafofin. Na mayar da ƙasa. Na jera duwatsu a sama saboda dila. Na wanke hannu na yi la'asar. Na zauna a gindin ƙayar.

Ƙurarsu na fara hangowa. Motocin 'yan sanda da yawa suka zo. Suka fito da bindigogi suna ihu, na kwanta ruf da ciki, suka sa mini ankwa. Ban ɓoye komai ba. Na nuna musu da haɓa na ce ga shi can, ciwo ne ya kashe shi. Suka zagaye tudun da igiyar roba.

A ofishinsu suka kira tafinta ta waya. Daga muryarsa Bakano ne, mai natsuwa.

"Malam, sun ce me ya sa ka sayi shebur da diga tun mutumin yana da rai?"

"Don na san zai mutu."

"Malam, haka zan gaya musu?"

"Gaya musu."

Ya gaya musu. Suka dubi juna.

Na ce, "Ka roƙar mini su. Su tambayi asibitin New York, su tambayi 'yarsa. Ni su riƙe ni yadda suke so. Shi dai su bar shi inda yake."

Ya faɗa, suka amsa, ya dawo. "Sun ce doka ce. Wanda ya mutu ba likita a kusa, sai an duba shi."

"Duba yaya?"

Na sake tambayarsa.

"Ɗan'uwa, duba yaya?"

"Malam, sai haƙuri."

Da safe suka tone shi. Ban gani ba, lauyan da aka ba ni ne ya gaya mini. Suka kai shi babban gari suka buɗe shi. Suka ga hantar. Suka ɗebi abin da za su ɗiba suka aika gwaji, shi kuma suka sa shi a firij suna jiran sakamako. Yana ciki har sanyi ya shiga sosai.

Da sakamako ya fito aka janye maganar kisa. Saura laifin binne mutum ba izini, alƙali ya ce zaman da na yi ya isa. Amma tun ranar farko an tambayi takarduna, ba ni da su. Daga ƙofar gidan yarin motar jami'an shige da fice ta ɗauke ni zuwa wani gidan tsare mutane. Ina can jama'ar masallacinmu suka haɗa hannu aka ɗauko shi a jirgi, aka binne shi a maƙabartar Musulmi a jihar New Jersey. Motata an ja ta zuwa wani fili, ban ƙara ganinta ba.

Jama'ar nan dai su suka tsaya mini aka ba da belina. A bas na dawo New York. Na je gaida liman bayan sallar azahar, ya sa aka ba mu wuri. Shi da abokan aikin Tsoho suka yi masa wanka na biyu. Ban tambaye shi abin da suka gani ba, shi ma bai faɗa ba.

Ya ce, "Me ya sa ba ku yi shawara da kowa ba?"

"Amana ya ba ni."

"Na sani. Amma ka ji. Da a gadonsa ya cika a nan, da takardun asibitinsa, ba wanda zai taɓa shi da wuƙa. Likita ya sa hannu, ya kwana ɗaya a wurinsu, ko biyu, mu rufe shi. Waɗanda ake buɗewa su ne waɗanda ba a san abin da ya kashe su ba."

"Shi bai san haka ba?"

"Shi wanka yake yi. Ba ya tambaya."

Na zauna ina kallon kafet. Liman ya yi addu'a, na shafa, na tashi.

'Yarsa ce ta neme ni. Muka haɗu a wani gidan abinci na 'yan Afirka a Harlem, ba wanda ya ci komai. Ranar da Hausa ta yi mini magana, tana tsintar kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin ta yi ba.

"Baffa, ya sha wahala?"

"Ya sha. Amma ƙarshen ya zo da sauƙi."

"Ya kira ni?"

"Kullum yana maganarki. Ranar dai bai kira kowa ba. Shayina ya zaga."

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Na jira ta gama.

Ta ce, "Na gyara ɗaki. Na ɗauki hutu a wurin aiki. Ni ya kamata in riƙe hannunsa. Kai ka ɗauke mini wannan."

Na ce haka ne.

Ta ce ta gaya wa lauya ba ta da ƙara a kaina, ta san halin ubanta. Ta ce amma kada in ƙara kiranta. Ta ɗauki jakarta ta fita. Ban kira ta ba.

Yanzu ina Tremont, a ɗakin ƙasa na wani bene, tare da wasu 'yan Nijar. Ina aiki a wurin wankin mota. Akwai ƙarfe a ƙafata da ke gaya wa hukuma inda nake, kullum sai na sa shi caji. Ba a yarda in bar jihar ba, don haka ban je kabarinsa ba tukuna. Ana ta ɗaga ranar shari'ata. Ina nan ina jira.